Raɓa a Kan Jar Kuloba

"Wannan kuma mene ne?" Baba Kihara ya ɗaga furen da yatsu biyu, ya kai shi kusa da idonsa mai gani. "Na aike ki ja, kin kawo mini fara. Ke Gatoni, shekara nawa muna maƙwabtaka?"

"Baba, ai duk ciyawar kuloba ce, duk ganye uku ne."

"Akuya ƙafa huɗu, jaki ma ƙafa huɗu. Je ki tatso jaki ki ba 'ya'yanki."

Tari ya sarƙe shi. Nyokabi, 'yarsa da ta zo jinya daga birnin Nakuru, ta tallafe masa kai har ya lafa. Kwana tara ke nan da asibiti suka sallamo shi, suka ce a kai shi gida ya huta, kowa kuwa ya san ma'anar irin wannan hutun. Abinci ya ƙi ci. Abu ɗaya yake nema, shayin furen jar kuloba, irin wanda matarsa ke dafa masa kafin ta rasu, duk sa'ad da sanyin tsaunukansu na Kinangof ya kama masa ƙirji.

"Buɗe kunnenki," ya ce da ya samu numfashi. "Fara rarrafe take yi a ƙasa. Ja miƙewa take. Shafa karan, za ki ji gashi. Ganyen da farin zane a tsakiya kamar jinjirin wata. Ki tsinko furen da ya buɗe sosai, ban da wanda ya soma baƙi. Tana can gangare, bayan shingena."

Gatoni mace ce da ba ta taɓa yin abu ɗaya da zuciya ɗaya ba. Tana gangarawa tana tunanin wake a kan wuta, da dankalin da ba ta haƙe ba, da saniyarta Nyameni wadda ba ta ga ciyawa ba tun jiya da yamma. Raɓa ta jiƙa mata zane har gwiwa. Ta tsuguna, ta shafa kara, ta ji gashin, ta ga farin zanen, ta cika bakin zanenta da furanni masu ja-ja. Sai ta yanke ta hanyar sama don sauri. Ƙofar shingen da ya raba gonakinsu kuwa ta bar ta a buɗe, alhali ko yaro a ƙauyen nan ya san ba a barin saniya mai yunwa ta faɗa kuloba da raɓa, don cikinta zai kumbura.

Ta dafa shayin, ta tace, ta sa zuma. Tsohon ya kurɓa sau biyu ya ce ya yi ruwa. Ta zauna, ta tashi, ta gyara masa bargo, ta sake zama. Rana ta ɗan ɗaga sa'ad da suka ji nishi daga waje, nishi mai nauyi wanda ba na mutum ba.

Nyameni na tsaye jikin shinge, ƙafafu a ware, harshe a waje, gefen cikinta na hagu ya kumbura ya yi tamau kamar ganga. Gatoni ta ɗora hannu a ka. Saniyar nan ita kaɗai mijinta ya mutu ya bar mata, kuma da nononta yara uku ke kwana da abu a ciki. Tsoro ya kama ta. Likitan dabbobi yana can garin Njabini, kafin babur ya hawo da shi cikin wannan taɓo an daɗe da feɗe ta. Shekara arba'in, in saniya ta kumbura a ƙauyen nan, mutum ɗaya ake kira, Baba Kihara, ga shi kwance ba ya iya ɗaga kofi.

Ta koma ɗakin a guje. Bai bari ta buɗe baki ba.

"Kin bar ƙofa."

"Na bari, Baba."

"Nyokabi, ku sa ni a kujera, ku kai ni bakin ƙofa."

"Haba Baba! Cikin wannan sanyi? Saboda saniya?"

"Ke 'yar birni ce, madararki a leda take zuwa. Ɗauke ni, na ce."

Suka ɗauke shi, ba shi da nauyin komai. Ya sa Gatoni ta zaro wani ƙunshi daga ƙarƙashin gado: ƙarfe mai tsini na huda cikin saniya, yana cikin siririn bututu. Ta ɗauka ta tsaya gefen saniyar.

"Ba zan iya ba, Baba. Zan kashe ta."

"Kin riga kin soma kashe ta, yanzu ceto ya rage. Hagu. Nemi ƙashin ƙugu. Kin same shi? Nemi haƙarƙarin ƙarshe. Tsakaninsu, inda ya fi tasowa." Ya tsaya ya yi haki. "Ki nufi gwiwarta ta gaba ta dama. Kada ki lallaɓa, ba kunnen jaririya za ki huda ba. Buga!"

Ta rufe ido ta buga da tafin hannu. Saniyar ta zabura, ta kusa take ta.

"Zare ƙarfen, bar bututun!"

Iska ta feso da wari, sai kumfa kore ya biyo baya, ya toshe bakin. Ya ce ta zura kara ta buɗe. Ya aiki Nyokabi ta kawo man girki, aka ɗura ta bututun. Kumfan ya soma fita a hankali.

"Yawwa," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Ashe kina da hannu, kai ne babu. Riƙe da kyau. In ya zame, ƙazantar za ta zube mata a ciki, shi ke nan. Kada ki saki, ko me ya faru, sai ta yi gyatsa."

Gatoni ta danne bututun da hannu biyu, ta jingina goshi da jikin saniyar. Tana jin cikin yana saki kaɗan-kaɗan. Ta so ta ce masa ta gode, ta ce bari dai a gama.

"Baba?" in ji Nyokabi a bayanta.

Shiru.

"Baba!"

Kujera ta yi ƙara. Sai kukan Nyokabi ya tashi, ya haura shinge, har wata mata a gonar sama ta yar da fartanya ta nufo su. Taku goma ne tsakanin Gatoni da bakin ƙofar. Ta waiga ta ga bargon ya zame, kansa ya langaɓe a kafaɗar 'yarsa. Duk jikinta ya so ya tafi can. Hawaye ya zubo mata, ba hannun sharewa.

Mata suka taru, suka ɗauki gawarsa suka shige da ita ɗaki. Ita tana nan tsaye cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa, kumfa kore na gangarowa ta wuyan hannunta. Can sai Nyameni ta miƙa wuya, ta yi wata doguwar gyatsa. Gatoni ta ji, amma ta daɗe ba ta ɗauke hannunta ba.