Benci a Ƙofar Shagon Tamba

"Yau ma masallaci yat tahi?" Alhaji Hodi ya tambaya, yana duban bencin da aka gitta a ƙofar shagon Tamba.

"Awo, Alhaji," in ji Sunusi tela, bai ɗago daga kekensa ba.

Ƙarya ce, kuma ta fara yi masa nauyi. Tamba na kwance a Argungu, ƙafafu a kumbure.

Shagunan Alhaji na unguwar Badariya na gwaji ne. Ka kama na ɗan lokaci, in sana'a ta karɓe ka a bar maka, in rana ta fito ta tarar da ƙofarka a rufe a miƙa wa na bayanka mabuɗi. Tamba tsohon masunci ne da ruwa ya daina yi da shi, ya sayar da jirginsa ya kama shago ɗaya yana gwada busasshen kifi. Kifin kuwa ya karɓu, har matan ma'aikata na aiko masa. Burinsa ɗaya, shagon ya tabbata ya bar wa ɗiyarsa Nazifa, wadda ke banda kifin a gida.

Shi ya sa kullum Sunusi ke buɗe shago biyu, ya gitta benci yadda 'yan kasuwa ke yi in sun tafi salla. Tamba, mutumin da a da ko alwala sai an yi masa tuni, ga shi unguwa ta fara kiransa waliyyi.

Da Sunusi ya je duba shi, Tamba bai amsa sannu ba. "Shago buɗe shike?"

"Buɗe shike."

"Ka riƙa min shi, maƙwabci. Yarinyag ga ba ta da kowa."

Ranar Laraba da hantsi, Alhaji na tsaye yana gwada riga, waya ta shigo wa Sunusi. Kukan Nazifa ya fito fili, babu sauran abin ɓoyewa. Sunusi ya faɗa wa Alhaji cewa Tamba ya rasu.

Alhaji ya yi salati, idonsa ya kawo ruwa. Shi ya sayi likkafani, Sunusi ya ɗinka, a motarsa suka je jana'iza. A hanyar dawowa, wajen Ambursa, Sunusi ya yi ta maza.

"Alhaji, ɗiyatai ta iya sana'ag ga."

"Na sani. Amma da Tamba munka yi magana, kuma wani na jira tun bara. In na karya maka, mi zan hwaɗa mishi?"

Bayan sadakar bakwai Nazifa ta sauko daga kabu-kabu da kwandon kifi, ta tarar ana shafa wa shagon fenti ruwan ɗorawa. Ba ta tambayi kowa ba.

Sunusi ya ja kekensa ciki, ya share mata rabin barandarsa. Ta ajiye kwandon ta zauna, ta juya wa mai fentin baya, tana kore ƙuda da gefen mayafinta.