Fuskar Yaya Irshad

Tun da Mushtak ya yi ritaya daga koyarwa, likita kuma ya ce jininsa ya hau, sai ya samo wani littafin tsofaffin masu falsafa na Girka da Rum ya maƙale masa. Littafin ya koya masa cewa abin duniya kashi biyu ne, wanda ke hannunka da wanda ba ya hannunka, kuma wawa ne kaɗai ke ɓata rai a kan na biyun. Mutumin da a da yake leƙo kai ta taga ya zagi direba har kakansa, yanzu ko hon ya daina dannawa. Matarsa Shagufta ta fi son na da, don wancan aƙalla yana kai mutum inda za shi.

Ranar da yayanta Irshad ya rasu a garin Okara, sai wajen tsakar rana aka bugo waya, aka ce za a fita da shi da zarar an idar da azahar. Mata ba sa bin gawa maƙabarta. Nasu shi ne a buɗe musu fuska a tsakar gida su yi kallon ƙarshe kafin maza su ɗauka. Irshad ne ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu, ga shi shekara biyu rabonta da shi saboda wata gardamar banza kan auren 'yarta Faiza. Fuskar nan kawai take so ta gani, ta roƙe shi gafara ko da ba ya ji. Daga Sahiwal kuwa, garin da suke zaune, tafiyar ba ta kai awa guda ba.

Suna fita gari suka tarar da tarakta ta ɗauko rake tana rarrafe. Mushtak ya bi bayanta a natse, hannu biyu a kan sitiyari.

"Baban Faiza, wuce shi mana."

"Begum, saurin tarakta ba a hannuna yake ba." Haka yake kiranta, wato uwargida.

"Ai ban ce ka tura ta ba. Wuce ta na ce."

Ya yi murmushin nan da ya koya kwanan nan, na wanda ya gama da duniya ya bar wa jahilai. Motoci na ta shan gabansu, shi kuwa yana lissafa su. "Dube su, bayin fushi. Kowa zuciyarsa na jansa da igiya."

A mahaɗar titi da layin jirgin ƙasa suka tarar an rufe ƙofa. Kowa ya san yadda ake yi: a cike hannun hagu, a cike na dama, na tsallake ma su yi haka, in an buɗe a yi goshi da goshi, mai ƙarfin hali ya kutsa. Mushtak ya tsaya a layinsa, har da barin fili a gaba. Wani mai madara ya cusa babur da tulunansa a filin. Ya sake barin wani, amalanken ɓauna ya shige. Da aka buɗe, ana ihu ana hon ana wucewa, shi yana ɗaga wa mutane hannu su shiga gabansa.

Wani direban babur mai ƙafa uku ya leƙo ya ce, "Kawu, motar ce ta mutu ko kai ne?"

"Ka ji ko?" in ji Shagufta.

"Maganarsa tasa ce. Ba ta taɓa ni ba."

Saura mota uku su haye aka sake rufe ƙofar don jirgin kaya. Ta duba ko za ta sauka ta hau mai ƙafa uku, duk sun cika maƙil har da masu lilo a baya. Wayarta ta yi ƙara, Nawid ne, babban ɗan marigayin.

"Gwaggo, kina ina? Zafi ya yi yawa, liman ya ce ba za a ƙara jira ba."

"Minti goma, ɗana. Don Allah minti goma."

Ta juya ta dubi mijinta, yana zaune yana ja da sakin numfashi a hankali yadda littafin ya ce. Shekara talatin da ɗaya suna tare, ba ta taɓa raina shi kamar yau ba. Wannan abin da yake kira haƙuri, ita ta ga girman kai ne tsagwaronsa, kuma ita ake sawa ta ɗauki nauyinsa.

Sun iso bakin layin su Irshad ke nan sai ga jama'a suna fitowa, ana ta kalmar shahada. Mushtak ya kashe mota. Gadon da aka ɗauko gawar a kai ya wuce dab da tagarta, an lulluɓe shi da koren ƙyalle da furanni, da ta miƙa hannu da ta taɓa. Ba ta ga komai ba sai ƙyallen.

"Ki daure, Begum," in ji Mushtak. "Abin da ya wuce ya fita daga hannunmu."

Ya sa hularsa, ya fito da niyyar ya sa kafaɗa a gadon ya taka da gawar 'yan taku kamar kowane suruki na kirki. Har wani dattijo ya matsa masa wuri.

Shagufta ta sauke gilashi har ƙasa. Mace ba ta ɗaga murya a irin wannan wuri, amma ta ɗaga, har na baya suka waiwayo.

"Nawid! Kowa ya ɗauki ubanka, ban da wannan. Kada ka bari ya taɓa shi. In ya ɗauka, sai magariba ta same ku a hanya yana ba mutane wuri."

Nawid ya dubi gwaggonsa, ya dubi Mushtak da ya riga ya miƙa hannu. Sai Nawid ya sa kafaɗarsa a gurbin, aka wuce aka bar Mushtak tsaye a tsakiyar titi.