Wankan Hasanatu

Awawu ba ta jira ɗan yalo-yalo, keken hayan nan mai ƙafa uku, ya gama tsayawa ba ta diro, ta faɗa gidan Hajiya Samiha da ke unguwar Nyohini a Tamale da sallama. Hajiya ce ke wanke gawar mata a zangon nan tun Awawu tana yarinya. Ta same ta a tsakar gida tana tsintar shinkafa.

"Hajiya, Hasanatu ta cika da safen nan a asibiti. An kawo ta gida. Liman ya ce bayan azahar."

"Mun ji, 'yata. Allah ya jiƙan Musulmi." Ba ta ɗago kai ba. "Tsofaffin nan suna gidan har yanzu?"

"Suna nan. Ina za su?"

"To, ni ƙafata ba ta taka gidan nan na Gumani yau. Ina da jikoki. Mace lafiya lau ta kwaso mayu ta zuba a gida, ƙafa ta kumbura, ciki ya kumbura, sannan ki ce mini ƙoda?"

"Likita ne ya ce ƙoda."

"Likita ɗan kudu, me ya sani? A fitar da su, a share gidan, in zo in wanke ta kamar kowa."

A Kanvili akwai wata mai wankan. Ita cewa ta yi bayanta ya riƙe, alhali Awawu ta tarar da ita tana daka. Awawu ba ta yi musu ba, ta koma titi ta tare wani yalo-yalon, rana tana ta hawa.

A hanya ne kukan ya zo mata. Ta tuna Hasanatu tana budurwa, siririya mai baki, tana zuwa rumfar Awawu cin wake da shinkafa tare da 'yan wasan kwaikwayo. Ita ta ja Awawu ta zama mai dafa musu abinci a wurin ɗaukar fim. Hasanatu ta fito a amarya, ta fito a 'yar sarki, duk ba wanda ya riƙe. Da ta fito a mayya, ta shafa gawayi a haƙora, ta sa idonta ya yi ja, sai duk Tamale ta san ta. Yara suna gudu in sun hango ta, masu tumatir suna ajiye mata canji a kan tebur don kada hannu ya haɗu. Ita kuwa dariya take yi har da riƙe ciki.

Dariyar ta ƙare ranar da aka jefe wata tsohuwa a wani ƙauye, samarin suka ce ai idonta ja ne irin na cikin fim. Hasanatu ba ta sake shafa gawayi ba. Ta sayar da filinta ta sayi kyamara, ta hau babur ta bi sansanonin da ake kora tsofaffin da aka yi wa ƙazafin maita. Ta zaunar da su suka faɗi sunayensu da na 'ya'yansu. Ta nuna fim ɗin a kan farin zane a bakin kasuwanni, ta yi ta faɗa da maza a rediyo har muryarta ta dushe. Wasu 'yan'uwa suka ji kunya suka zo suka ɗauki nasu. Uku da ba wanda ya nema, su Mma Azeta, ta kawo su gidanta.

A ƙofar gidan maza sun fara taruwa a kan benci. Motokin, babur ɗin nan mai ɗaukar kaya, yana tsaye a gefe. Jamaldeen, yayan Hasanatu, ya taro Awawu tun kafin ta sauka.

"Ina Hajiya?"

"Ta ce sai an fitar da su Mma Azeta."

"Na sani, shi ya sa na kira wannan. Ya mayar da su inda aka ɗauko su, a ɗauko Hajiya."

"Yaya, ko sanyi ba ta gama yi ba."

"Awawu, ni ban ce su suka ci ta ba. Na yi makaranta. Amma ƙanwata ce kwance, kuma zafin nan kin gan shi. So kike a ce gidanmu an binne mace ba wanka? Ko mu ajiye ta har ta fara..." Bai iya ƙarasawa ba, ya goge fuska da hularsa.

"Ni zan yi," in ji Awawu.

"Kin taɓa yi?"

"Na sha gani."

Ƙarya ce. Ko da uwarta ta rasu, a bayan ɗaki ta ɓuya. Jamaldeen ya dubi rana, ya dubi mai motokin ya ce masa ya dakata tukuna.

Awawu ta shiga ɗakin da bokitin ruwa, ta rufe ƙofa. An shimfiɗa Hasanatu a kan katako, an lulluɓe ta da zane. Awawu ta buɗe fuskar, ta tsaya da moɗa a hannu, ba ta san ta inda ake farawa ba. Ta ɗaga moɗar za ta zuba mata a kai.

"Ba da kai ake fara ba."

Mma Azeta ce, a ƙofar baya wadda ta fita wajen madafa. Ta riga ta ɗaure 'yan kayanta a ƙunshi, don ta ji ƙarar motokin. Da Hausarta ta kasuwa ta ce, "A garinmu ni ke wanke mata, kafin ɗan mijina ya yi mafarki da ni, aka ce ni mayya ne. In kina tsoro, ni ya tsaya nan, ni ya faɗa, ke ki yi."

Awawu ta dube ta. Shekarun nan duk da take zuwa gidan, tana gaishe ta, tana kawo mata goro, amma ko sau ɗaya ba ta sha ruwan da tsohuwar ta miƙo mata ba. Kullum sai ta ce yanzu ta sha. Ashe Mma Azeta ta lura.

"Shigo, Mma," ta ce. "Ni ban iya ba."

Tsohuwar ta ajiye ƙunshin, ta wanke hannu har gwiwa, ta naɗe shi da tsumma mai tsafta. Ta sunkuya kusa da kunnen Hasanatu.

"Gafara, ɗiyata. Mu ne. Za mu taɓa ki."

Ta tsarkake ta a ƙarƙashin zane ba tare da ta buɗe ba, ta yi mata alwala, sannan ta fara da dama. Awawu tana zuba ruwa inda aka nuna mata. Duk juyin da za su yi sai tsohuwar ta nemi gafara. Da suka zo ƙafafun da suka kumbura, ta ce kada a cuɗa, fatar ba za ta ɗauka ba, sai ta dinga shafawa da tafin hannu a hankali kamar mai yi wa jariri wanka. Ta narkar da kafur a ruwan ƙarshe. Ta tsefe gashin ta kitsa shi gida uku, tana wata 'yar waƙa ƙasa-ƙasa da Dagbanci. Hannunsu ya yi ta haɗuwa a cikin ruwa, Awawu ba ta janye ba.

Suna ɗaure likkafani aka kira sallar azahar. Ba a jima ba Jamaldeen ya ƙwanƙwasa.

"An gama? Liman yana tambaya wa ya yi wankan, mutane suna ta magana."

Awawu ta buɗe baki. Hasanatu da ta ƙarar da ranta don a faɗi sunan matan nan a fili, ga ta kwance fes, da ƙamshi, daga hannun ɗayarsu. Sai ta ji an damƙe mata wuyan hannu.

"Ki ce ke ne," in ji tsohuwar da raɗa. "In kin ce ni, sahu zai watse. Ki bari su yi mata salla."

"Awawu?"

"Ni ce, Yaya."

Kafin ta zare sakata Mma Azeta ta fice ta baya. Maza suka shigo da makara. Jamaldeen ya tsaya a kan ƙanwarsa, ya dubi yadda aka naɗe likkafanin, hawaye suka zubo masa.

"Allah ya saka miki. Ko Hajiya iyakarta ke nan." Ya leƙa waje ya ce da mai motokin ya tafi, ba a bukata yau.

Sahu ya cika har bakin titi. Awawu tana jin kabbara daga tsakar gida, mata suna kama hannunta suna sa mata albarka, wata har tana cewa in tata ta zo, ita take so ta wanke ta. Ta amsa da amin. Da ta samu hanya ta zagaya bayan madafa. Mma Azeta tana zaune a ƙasa, ta fuskanci gabas, ƙunshinta a cinya, ba ta kwance shi ba.

"Sun yi yawa?" ta tambaya.

"Sun yi yawa, Mma."

"To, madalla."