Gyaran Na'urar Jannat

Tun da Rabe Maikano ya rabu da matarsa Sa'adiya ya koma Manchester da aiki, hira da 'yarsu Jannat ta zame masa wahala. In ya kira ta, amsarta ba ta wuce "lafiya lau, Abba" da "makaranta fine". Shi ma ba gwanin surutu ba ne. Injiniyan lantarki ne, ya fi sabawa da wayar wuta da mita.

Abin da ya cece su na'urar gem ce. Ya saya mata ɗaya, ya sayi irinta ya ajiye a gidan da yake haya kusa da Oxford Road. Duk Asabar bayan la'asar sai su haɗu ta intanet suna tseren mota, ita a Birmingham, shi a Manchester, kowa da abin magana a kunne. A nan ne bakin Jannat yake buɗewa. Idonta na kan allo za ta ba shi labarin malamar lissafi da ba ta so, da saɓanin da suka yi da ƙawarta Bethany, cikin Turancin 'yan Birmingham, tana tsoma Hausa in ta ga dama. Kullum ita take cinye shi, shi kuwa bai taɓa jin daɗin faɗuwa irin wannan ba.

Ana dab da komawa makaranta bayan dogon hutu Sa'adiya ta kira shi.

"Abban Jannat, na yi ɓarna. Ina shara da injin hoover na ja waya, na'urar gem ɗin ta faɗo daga kan tebur. Tana kunnuwa, amma babu hoto."

Ya ce su koma kiran bidiyo. Ya sa Jannat ta canja wayar da ke haɗa na'urar da talabijin, ta gwada wani rami a jikin talabijin, ta hau da na'urar sama ta jona a ƙaramin talabijin na ɗakin uwarta. Duk allo baƙi ƙirin. Sai ya ce ta haska fitilar waya cikin ramin da ke bayan na'urar, wanda ake ce wa HDMI, inda wayar hoto take shiga. Ko ta cikin bidiyo ya ga harshen tsakiya ya karye, siraran ƙarafan cikinsa sun lanƙwashe sun hau juna.

"Akwai shagon gyara a Stratford Road," in ji Sa'adiya. "In na tashi daga aiki a asibiti gobe sai in biya."

"A'a, kar ki kai. Wannan ai aikina ne. Ina raye a kai wa wani kayan 'yata?"

Ranar Lahadi ya tuƙo mota ya zo ya ɗauka. Jannat ta rako shi har bakin ƙofa.

"How long, Abba?"

"Sati mai zuwa, in sha Allahu."

Sabon ramin ya iso a cikin 'yar leda. Rabe ya shimfiɗa jarida a teburin kicin, ya warware na'urar, ya fito da koren allon da komai yake zaune a kai. Aikin ya san shi: a hura wa tsohon ramin iska mai zafi har dalmar da ta riƙe shi ta narke, sannan a ɗaga shi a hankali. Yana cikin hurawa wayarsa ta dinga ruri, daga ofis ne. Ya so ya gama kafin ya ɗauka. Ya sa hantsaki ya ja, ya ji ɗan tauri, ya ƙara ƙarfi.

Ramin ya fito, amma ba shi kaɗai ba. Ya taho da wasu daga cikin 'yan tagullan da ke manne a jikin allon, waɗanda ƙafafun sabon ramin za su zauna a kai. Rabe ya daɗe yana kallon wurin. Da shago aka kai, aikin wuni ɗaya ne. Yanzu sai an sami madubin ƙara girma da waya mai sirantar gashi a dinga haɗa hanyoyin ɗaya bayan ɗaya. Ya tattara komai cikin kwali ya tura ƙarƙashin gado.

Da Asabar ta zo Jannat ta turo saƙo tana tambaya. Ya rubuta mata cewa kayan gyara ba su iso ba. Yana turawa ya ji kunya ta kama shi. Wata Asabar ɗin ya ce aiki ya yi yawa, wannan kam gaskiya ce. Daga nan duk lokacin da ya ɗauki waya zai kira ta, sai ya ga kamar tambayar na jiran sa, ya ce wa kansa bari ya gama gyaran tukuna ya kira da albishir. Kira ya koma saƙo, saƙon ma ya gajarce. Sau ɗaya ya je Birmingham a hutun tsakiyar zango, ya kai ta cin gasasshen nama a Sparkbrook. Ba ta tambaya ba, shi ma bai tayar da zancen ba.

Sai bayan sabuwar shekara ya faɗa wa abokin aikinsa Prosper abin da ya faru. Prosper ya yi dariya ya ce shi ma ya taɓa yin haka, washegari ya kawo masa aron madubinsa.

Ranar Asabar da safe Rabe ya jawo kwalin. Ya kankare koren fentin har hanyoyin tagulla suka bayyana, ya zaunar da sabon ramin, ya bi kowace hanya da siririyar waya yana ɗiga dalma, yana riƙe numfashi. Ya gwada ƙafafun da mita ya tabbatar babu wadda ta taɓa 'yar'uwarta. Ya mayar da komai, ya jona, ya kunna. Hoto ya fito tar. Ya dubi agogo, ko la'asar ba ta yi ba. Ashe abin da ya yi wata da watanni yana gudu bai fi aikin rabin wuni ba.

Asabar ta gaba ya kama hanyar Birmingham. Jannat ce ta buɗe ƙofa, da rigar sanyi a jikinta da jakar wasanni a kafaɗa. Ta ƙara tsawo. Ta karɓi na'urar ta jona a falo, hoto ya fito.

"Ya yi. Thank you, Abba."

"Mu yi zagaye ɗaya mana?"

Ta dubi uwarta. Sa'adiya ta ce, "Tana wasan ƙwallon netball yanzu. Duk Asabar ne, ita da Bethany. Har an sa ta a tim."

"Tun yaushe?"

"An kwana biyu."

Ya ce to bari ya sauke ta. A mota ya yi ta juya maganar a ransa, sai da suka tsaya a danja wajen Edgbaston ya samu ta fito. Ya gaya mata shi ya lalata allon tun ranar farko, kuma kayan sun iso a kan lokaci.

"Na sani," in ji ta. "Ba abin da yake daɗewa haka a hanya." Ta gyara igiyar jakarta. "Ni ban damu da gem ɗin ba, Abba. Honestly. Na ɗauka kai ne ka gaji da Asabar ɗin. Da ka kira kawai."

Na baya ya danna hon, Rabe ya ja mota. Da suka isa filin wasan ya ce, "Ki yi haƙuri, Jannat." Ta ce ba komai, ta ɗan dafa hannunsa, ta fita da gudu wajen ƙawayenta. Ya so ya tsaya kallo, amma ba ta gayyace shi ba, shi kuma nauyin tambaya ya hana shi.

Yanzu ranar Lahadi yake kiranta, ba ya fashi. Tana ɗauka, suna gaisawa, wani lokacin ta gaya masa yadda wasa ya kaya. Labarin wa suka ɓata da wa kuwa sai dai ya tsinta a bakin Sa'adiya. Da sanyi ya ja baya Jannat ta tambaye shi ko za ta iya ba Ubaidullah, ɗan ƙanwar mamanta, na'urar, tun da ba mai taɓa ta. Rabe ya tsaya kallon tasa na'urar har ta ce, "Abba, kana ji na?"

Ya ce yana ji, kuma ya yarda ta ba yaron.