Gizagon Lauwali

Kwana shida Lauwali bai ci tuwon kirki ba. Sai shi zauna bakin zaure yana murza yatsu, shi tashi, shi koma, hannu ba abin riƙo. Matarshi Turai ta gaji da kallo.

Shekara talatin Lauwali yay yi yana sassaƙa wa masuntan gulbin Rima jirage. Da ƙafa taƙ ƙi, sai yak koma yin ƙanana, tsawon kamu guda, irin jirgin hayaƙin da yag gani Jabba yana saurayi. Ba ya sa musu launi. Shi goge icce da yashi mai laushi, shi bi da man kaɗe, shi aje inuwa, shi sake, har jijiyar iccen ta hito tana ƙyalli.

To, Zayyanu malamin daji yat tarad da shi bisa wanga aiki, yac ce ai iccen maɗaci na, kuma gwamnati ta hana saran maɗaci. Mutumin da ba ya kai masallaci sai da sanda, wai shi yak kada icce cikin gandun daji! Zayyanu yak kwashe gizagon Lauwali da jirgin da yaka sassaƙawa, yay yi gaba.

Turai ta je gidan hakimi, anka ce ta dawo. Ta dawo, anka ce ya tahi Wurno. Rana ta bakwai taj ji Baturen daji ya sauka barikin Goronyo, tas soke wuƙar yanka albasa ga zane, tak kama hanya.

"Inna, ba a shiga," in ji masinja.

"To, kama ni." Taw wuce shi.

Ga Bature zaune, ga Mu'azu tafinta, ga Zayyanu tsaye yana washe baki. Ga kuma jirgin bisa tebur, an laɓta mishi fenti kore shar, har bututun hayaƙin. Ashe gaisuwa Zayyanu yak kawo da shi.

Turai tad dubi Zayyanu: "Kai ɗan Kyauta, wa yay yi ma jirginga amai?"

"Iya, gaban Bature kike."

"Na gane shi, ba makauniya nike ba. Mu'azu, gaya mai kayan maigidana na zo karɓa."

Mu'azu yaj juya maganar, yas saurari Bature, yac ce, "Zaki ya ce doka ta. An sari maɗaci, an kama."

"An sari mi?"

Kahin su ankara ta zare wuƙa ta ja jirgin gabanta. Masinja yay yo kanta, Bature yaɗ ɗaga mai hannu. Tak kankare fentin ciki, ƙuru-ƙuru, koren yana zuba bisa takardun mutane. Icce yah hito baƙi wuluk, da ramin tsohuwar ƙusa, tsatsa ta zagaye shi.

"Ranka shi daɗe, duba. Gehen jirgin Mode mai hito na, wanda yat tsage shekarar da ruwa yac ci gonakin albasa. Shekara ashirin yana cikin gulbi. Sabon maɗaci ja na, kuma in ka sa ga halshe sai ka tohwar." Tah here ɗan siriri tam miƙa wa Zayyanu. "Ungo, malamin icce. Lasa."

Zayyanu yak kau da kai.

"Lasa mana! Ko ba a koya muku wannan makaranta?"

Bature da kanshi yak karɓa, yas sansana, yas sa baki, yay yamutsa huska.

"Mi yac ce?" in ji Turai.

Mu'azu yana danne dariya: "Ya ce laka yaj ji."

Bature yay yi ma Zayyanu wata magana gajera, har idanun Zayyanu sunka yi ja. Zayyanu yah hita, yad dawo da gizago naɗe cikin tsumma, yad dangwarar. Mu'azu yac ce Zaki na son a bar mai jirgin, ya burge shi.

"Shi zo gida shi roƙi mai shi, bayan an hidda wagga ƙazanta."

Tas saɓa jirgi ga kahwaɗa, tar rungumi gizago, tah hita ba sallama. Sauri takai, tana son ta isa kahin azahar ta ga tsohon ya riƙa abinshi ya ci abinci. Sai da tak kai gindin tsamiyar mahauta tak kwance tsumman don ta duba.

Bakin gizagon ya ɓalle wuri ukku. Makamashi anka hwaskara da shi, ga ɓawon ƙirya nan maƙale. Ƙarhen da Lauwali bai taɓa bari ya taɓa ƙasa ba.

Turai tat tsaya, tad dubi hanyar gida, tad dubi rana. Tag gyara ɗaurin zane, taj juya bariki.