Motar Baba Mati

Karo na bakwai ke nan Uwaisu yana murɗa makulli. Motar ta yi gurnani, ta yi tari kamar za ta tashi, ta fesar da hayaƙi, sannan ta mutu. Ya kifa goshinsa a kan sitiyari. Tun da gari ya waye yake kanta, ga rana ta kusa tsaka.

"Bar ta haka, kada ka kashe batirin mutane," in ji Baba Mati daga inda yake kwance.

A gindin darbejiyar ƙofar gida aka shimfiɗa masa tabarma, aka tokare shi da matashi biyu, don in ya kwanta sosai numfashi ƙin fita yake yi. Kwana huɗu ke nan ƙirjinsa ya riƙe, ƙafafunsa suka kumbura. Mai duba marasa lafiya na ƙauyen ya ce sai dai asibitin Ɗanbatta. To, ruwan Agusta ya cinye kwalbatin hanya, babu babur ko ƙaramar motar da za ta haye rafin. Abin da zai iya hayewa a duk karkarar guda ɗaya ne, wannan tsohuwar motar soja mai taya har ƙirjin mutum, wadda Baba Mati ya saya a gwanjo bayan ya bar aikin direban soja. Shekara talatin ta yi tana jigilar gero da gyaɗa da taki. Tun da ƙarfinsa ya ƙare, damina biyu ke nan, take tsaye jikin katangar da ta raba gidansa da na Uwaisu.

Uwaisu manomi ne, iyakar saninsa injin ban-ruwa. Ya wanke filta, ya ɗaura batirin da aka aro wurin mai niƙa, ya ƙara gas. Sabo mai shago ya zo da wata 'yar jar kwalba da ya samo a Kano, ya ce direbobi duk ita suke zubawa a tanki, tana wanke inji ta ƙara masa ƙarfi. Wani daga cikin masu kallo ya ce a'a, kananzir za a tsiyaya. Uwaisu ya gaji da shawara, ya kai wa tsohon kwalbar. Baba Mati ya sa aka buɗe, ya sunsuna, ya kawar da kai.

"Ta mota mai fetur ce. Ka ba ta wannan, ka kashe mata famfo." Ya huta, ya tattaro numfashi. "Hayaƙin nan, fari ne ko baƙi? Idona bai kai ba."

"Fari ne, Baba."

"Ruwa ta sha."

Da kaɗan-kaɗan ya yi masa bayani, yana faɗa yana tsayawa. A kwance notin da ke ƙasan tanki, a bar shi ya zuba har sai gas zalla ya fito. A sassauta na kan filta, a yi ta buga famfon hannu har kumfa ta ƙare. Abin zubawa kuwa, gas ɗin yanzu busasshe ne, tsohon famfo ba ya son shi haka, a sa masa sabon baƙin mai cikin gwangwanin madara, kada a wuce.

Matarsa Inna Rahmatu tana gefe tana yi masa fifita. Tun safe ta ɗaure ƙunshin tafiya, bargo da kwanuka da fulas, ta ajiye a gabanta. Ta ce ya daina magana haka nan, bai ji ba.

Uwaisu ya shiga ƙarƙashin motar, bayansa cikin laka. Notin ya ci tsatsa, sai da sifana ta zame ta fasa masa yatsa kafin ya motsa. Ruwa ne ya fara zubowa cikin daro, jawur, kusan rabin daron. Aka kira azahar, suka yi salla suka dawo. Ya yi ta buga famfon har kafaɗarsa ta mutu. Sai gab da la'asar motar ta ɗauka, ta girgiza ƙasa, baƙin hayaƙi ya turnuƙe sannan ya washe.

Baba Mati ya lumshe ido yana saurare. Can ya ce, "Bar ta ta yi zafi. In ka zo rafi, ƙaramin giya, kada ka ɗaga ƙafa."

Mutum huɗu suka ɗora shi a baya kan katifa, Inna Rahmatu da Sabo suka hau tare da shi. Hanyar siririya ce, gero ya tsaya dama da hagu yana shafar jikin motar. Uwaisu yana tafe a hankali, yana kauce wa ramuka. Ya fara hango ruwan rafin ke nan sai ya ji ana buga rufin motar da tafin hannu. Ya taka birki, ya leƙo.

Inna Rahmatu ta riga ta ja bargon har kan fuskar.

"Mu koma, Uwaisu," in ji ta. "Ya cika."

Babu wurin juyawa tsakanin gonakin mutane. Da baya-da-baya ya dawo, Sabo yana tafe a ƙasa yana nuna masa hanya da hannu, har bakin masallaci.

Liman ya ce tun da 'ya'yan mamacin suna tsallaken rafi, maƙwabcinsa Uwaisu ne zai kama masa wankan gawar. Uwaisu ya tsuguna a ƙofar gidansa, matarsa Luba ta kawo buta da sabulu da toka. Ya cuɗa hannuwansa, ta zuba. Baƙin man ya fita daga tafin, amma ya maƙale a farata da tsagar yatsan da ya fashe. Daga cikin gidan Baba Mati ana jin tafiyar mata da ƙarar bokiti. Ya ɗebi yashi ya sake cuɗawa, ya miƙa mata hannuwan, ta karkata butar.