Fijon Ezekiel a Bayan Shanu

Ban taɓa sanin kai mota wani gari aiki ba ne sai da Ezekiel ya kwanta ciwo. Ni a sanina mota ita ke kai mutum.

Ezekiel abokin aikina ne a reluwe, nan Kaura Namoda. Shi yana wajen gyaran injin jirgi, ni ina kan layi ina canza wa jirgi hanya. Tare muka tsufa, kuma tare jirgin ya daina zuwa ya bar mu muna kallon ciyawa na rufe dogo. Katanga ɗaya ta raba gidansa da nawa. Yana da wata fijo doguwa, fara, wadda ya saya tun albashi na da albarka, kuma ba wanda bai ci moriyarta ba a unguwarmu. Mace ta fara naƙuda, a buga ƙofar Ezekiel. Kirista ya mutu, ita ke kai akwatin gawar maƙabartarsu ta bayan gari. Matata Azumi ma a cikinta aka kai ta asibiti haihuwar autarmu.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, 'yan uwansa suka dame shi da aike, ya dawo gida, ya dawo gida. Ya ce ba inda za shi, shi ba giya yake sha ba balle a yi masa bulala. Abin da tsoro ya kasa, ciwon ƙoda ya yi. Ƙafafunsa suka kumbura, likita a Gusau ya ja matarsa Monica gefe ya yi mata magana ƙasa-ƙasa, sai ga ɗansu Elisha ya zo daga Kaduna da motar haya zai kwashe su zuwa ƙauyensu, can gaba da Kachia. Fijo kuwa injinta ya buga tun bara, tana ƙarƙashin darbejiya kaji na kwana a ƙarƙashinta.

Ranar tafiyar Ezekiel ya riƙe hannuna ta tagar motar hayar.

"Hayatu, na kai mutane da yawa a fijon nan. Ina so ni ma ita ta kai ni. Ko ba ta tashi ba a tura ta, daga gida zuwa coci ba nisa."

Na ce ya daina zancen banza, shi da zai dawo mu ci tuwon salla. Amma na yi masa alkawarin zan kai masa ita har ƙauyensu, kuma ya san na gane abin da yake nufi.

To, daga nan na shiga uku. Na fara da tashar jirgi, don nan na sani. Yaron da aka bari yana gadin ofis ya yi ta dariya har da riƙe ciki, wai in jirgi nake jira sai in nemi tabarma. Makanikai suka ce injin sai an aika Kano. Wani ya ce akwai mai roka, wato babbar motar kaya, a Zurmi da ke ɗaukar irin wannan kaya. Na je Zurmi, aka ce ya tafi Moriki lodin gero. Na bi shi Moriki, na tarar da motar a ɗage ba ƙafar baya, shi kuma yana cin gyaɗa a inuwa yana ce mini in sha Allahu wata mai kamawa. Wata mai kamawa, alhali Elisha ya aiko cewa tsohon ya daina cin abinci. Ina komowa gida Azumi ba ta ma tambaya, fuskata kawai take dubawa ta miƙo mini ruwa.

A ƙarshe aka haɗa ni da Alhaji Na'Allah a Shinkafi. Shi nasa kamfani ne, har da allo a bakin shago da hoton tirela an zana mata haƙora. Aikinsa kai shanu Kudu, kuma motarsa kan bi ta Kachia duk mako. Mutum ne mai fara'a wanda bai iya cewa a'a ba, kuma wallahi irinsu sun fi masu ɗaure fuska gajiyar da mutum. Ya ce mota ai ba ta fi bijimi uku ba, in kawo ta ranar Laraba, don shanu sai ranar Alhamis ake saye a kasuwa.

Muka ɗaura mata igiya, wata a-kori-kura ta ja ta har Shinkafi, ni ina riƙe da sitiyari ina taka birkin da ba ya ji. A kara, wato inda ake cinikin dabbobi, akwai wani tudun ƙasa da aka tara daidai tsayin bayan tirela. Mota kan ja da baya ta manne da shi, a koro shanu su hau su shige. Ta nan aka turo fijo, aka kai ta can ƙurya jikin kan mota, aka ɗaure ƙafafunta, aka gitta katako a bayanta. Kowa na cewa ta samu wuri mai kyau, nan ne ba girgiza.

Da na dawo ranar Alhamis da jakata, don na ce ƙafata ƙafarta, sai na tarar an cika bayan tirelar da shanu maƙil, ƙaho na gogar ƙaho, tun daga katakon nan har ƙofa. Ƙofar kuma ɗaya ce, ta baya. Na tambayi Na'Allah ta ina motar za ta fita. Ya dube ni kamar na tambaye shi ta ina rana ke fitowa. Ya ce ai in mun isa sai a ja zuwa tudun garin, a sauke shanu, a fid da mota, a mai da shanu. Direban, Muhtari, ya gyaɗa kai. Mai shanun, wani Bafillace daga Dauran mai suna Zubairu, shi ma ya gyaɗa. Duk cikinsu ba wanda ya taɓa tunanin akwai gari a duniya da ba shi da tudun lodin shanu.

Ba zan ba ku labarin hanyar ba, don ko tuna ta gajiya ne. Zafin inji a ƙafa, wari a hanci, shinge bayan shinge, kowane da mai miƙo hannu. Bayan Kaduna muka riƙa wuce gidajen da aka ƙone a rikicin farkon shekara.

Da hantsi muka tsaya a mararrabar ƙauyen su Ezekiel. Gonakin citta ne hagu da dama har bakin kwalta. Elisha, wanda na aika wa saƙon zuwanmu, na tsaye yana jiranmu da wasu samari da suka zo turi. Muhtari ya leƙo ya tambaye shi ina tudu. Elisha ya ce wane tudu, ga duwatsu can in su yake nufi. Aka yi ta bayani, aka kira wani dattijo, ya ce su nan alade da akuya suke kiwo, kuma akuya ɗaukarta ake yi a jefa cikin mota.

Na roƙi Zubairu a nemo katakai a jingina, a sauke shanun ko na ɗan lokaci ne. Bai yi faɗa ba. Ya nuna mini gonakin, ya nuna mini mutanen da suka fara taruwa suna kallon rawaninsa, ya ce bijiman nan sun kwana a tsaye, ƙishirwa ta ishe su, in suka taka ƙasa ba mai riƙe su. In suka faɗa cittar mutane a wannan shekarar, a wannan wurin, ba shanun kaɗai za a rasa ba. Na so in zage shi, amma gaskiya ya faɗa. Dattijon ƙauyen ma bai ce a sauke ba.

Muna cikin haka sai ga su sun ɗauko Ezekiel a kan kujera, mutum biyu na riƙe da ita, Monica na biye da lema. Ashe ya ji ƙarar tirela ya ce sai an kawo shi. Na ga yadda ciwo ya mayar da shi. Aka kai shi jikin bodin, aka ɗaga kujerar har ya iya leƙawa ta tsakanin ƙarafa. Fijo na nan a ƙurya, kashin shanu ya fantsama a gilashin baya, wani farin bijimi ya ɗora haɓa a kan rufinta. Ezekiel ya zura hannu ya kai yatsunsa jikin ƙofarta, ya daɗe a haka.

"Kun ɗaure ta da kyau," in ji shi. Ni ko kallonsa ban iya yi ba.

Muhtari ya rantse cewa da ya sauke shanu a Kudu zai juyo da ita ita kaɗai, a samu katakai a sauke ta cikin natsuwa. Shanu na kuka, rana na yi, dole suka tafi. Ni na zauna.

Aka ba ni ɗaki kusa da na Ezekiel, Monica ta ware mini tukunya da buta. Gidan ba shi da nisa da titi, duk babbar motar da ta rage gudu a mararraba sai ya buɗe ido ya ce in je in duba. Tun ina zuwa da sauri, har na koma ina fita in tsaya bayan ɗaki in dawo in ce ba ita ba ce. Ba waya a garin, ba wanda za a tambaya. Na gaji da titin nan, na gaji da jin ƙarar birki, na gaji da fuskata in na shigo ɗakin.

Wata safiya ya tambaye ni ko ta iso. Na ce tana hanya. Ya ce to, ya juya fuska bango. Kafin azahar ya cika.

A bayan a-kori-kurar da ke kai citta kasuwa aka sa akwatinsa. An share ta, an shimfiɗa zane, amma tana da gajeren baya, sai da aka bar ƙofar a buɗe, Elisha ya zauna yana riƙe da akwatin kada ya zame. Na bi su a ƙafa har bakin cocin, na tsaya a waje ƙarƙashin mangwaro ina jin waƙarsu.

Da na koma, ban sauka a Kaura ba, na zarce Shinkafi. Fijo na gefen tudu, an wanke ta tas. Ashe a Kudu Muhtari ya samu lodin gangunan manja zuwa Sakkwato, tirela kuma ba ta dawowa wayam, sai aka jera gangunan a bayan motar, suka biyo ta Lokoja, ba su bi ta Kachia ba. Na'Allah ya taso da fara'arsa yana ba ni haƙuri, ya ce wannan Alhamis ɗin ita za a sa daga ƙarshe, bakin ƙofa, har katakan saukewa ya sa an yanko.

Na ce masa an binne mai ita ranar Asabar. Ya yi salati, ya cire hula, ya tambaye ni to yanzu ina za a kai ta. Na zauna a kan tudun, na ce masa ban sani ba.